Masu Bandar Farin Kifi a Gaɓar Tafkin Mishigan

Wanda bai san Tafkin Mishigan ba, in aka rufe masa ido aka kai shi gaɓarsa sannan aka buɗe, zai rantse teku ne. Ba a hango ɗaya tsallaken, igiyar ruwa na dukan rairayi dare da rana, manyan jiragen dakon kaya na ratsawa can nesa kamar ba sa motsi. Sai ya ɗebi ruwan ya kai baki zai gane, domin babu ɗigon gishiri a ciki. Tsawonsa daga kudu zuwa arewa ya kusa kilomita 500, kuma ɗaya ne cikin manyan tafkuna biyar na yankin iyakar Amurka da Kanada, waɗanda a haɗe suke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa.

Hunturun yankin dogo ne, mai ƙanƙara da iska mai yankan fuska. Shi ya sa da zarar watan Yuni ya kama, lokacin da mu muke fama da shuka, mutanen Shikago da Ditiroyit da Milwoki sukan kwashi iyali su nufi bakin ruwa. Mai hali yana da ɗan gidan katako da ya gada tun kakanni, marar hali ya kama haya ta mako guda. Wanka a tafki, kwanciya a rairayi, hira a waje har dare ya raba, tun da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. A teburin irin waɗannan gidaje kuwa ba a rasa wani ƙunshin takarda da maiƙo ya ratsa. In an warware shi sai ga kifi guda, kai da wutsiya, fatarsa launin zinariya, ƙamshin itace na tashi daga jikinsa.

Masu hutu suna cewa ɗanɗanon tafki ke nan. Ni kuwa a ganina ɗanɗanon hannun wani bawan Allah ne da ya tashi tun asubar fari, ya hura wuta a wani ɗan ɗaki baƙi ƙirin da hayaƙi, ya tsaya a kanta awa da awanni yayin da su suke barci. Aikinsa nake so in bayyana, domin aiki ne da ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, kuma shi ne ya haɗa teburin masuntan tafki da na Yahudawan birni ba tare da wani ya shirya hakan ba.

Kifin da ake magana a kai farin kifin tafki ne, ɗan dangin salmon, mai son ruwa mai sanyi da zurfi. Bakinsa ƙarami ne, ba ya farautar manyan kifaye, ƙananan halittun ƙasan ruwa yake tsinta. Jikinsa kamar azurfa, namansa fari fat, mai laushi, ba ƙarni sosai, ga kitse a shimfiɗe cikin tsokar. Wanda ake kamawa yawanci kilo ɗaya ne zuwa biyu. Wannan kitse shi ne sirrin. Kifi marar kitse in ya sha wuta bushewa yake yi ya zama kamar ɓawon itace, amma mai kitse yakan riƙe danshinsa, kitsen kuma ya kama ƙamshin hayaƙi ya adana.

Tun kafin Bature ya taka yankin, kabilun Ojibwe da Odawa da wannan kifi suke rayuwa. A gangaren ruwan Sault Ste. Marie, inda Tafkin Superior yake malala zuwa Huron, sukan tsaya cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa mai gudu su kwaso shi da koma mai dogon mariƙi, su shanya, su banda, su ajiye don hunturu. Da suka sa hannu a yarjejeniyar 1836 suka bar wa gwamnatin Amurka ƙasa mai faɗi, ba su bar haƙƙinsu na su ba, kuma a 1979 alƙalin tarayya Noel Fox ya tabbatar musu da shi. Har yau wani kaso babba na farin kifin da ake fitarwa daga waɗannan ruwaye masuntansu ne suke kamawa. Daga baya baƙi suka zo daga Norwe da Suwidin da Jamus da Folan, kowa da irin gishirinsa da irin wutarsa, suka kafa rumfunan katako a bakin koguna. A garin Leland akwai wata unguwa da ake kira Fishtown inda irin waɗannan rumfuna suke tsaye har yanzu, da jiragen su biyu, Janice Sue da Joy, da gidan kifin Carlson wanda ya haura shekara ɗari ana hura wuta a cikinsa.

Su kuwa Yahudawa ta wata hanya dabam suka iso ga kifin nan. Tsakanin 1881 da 1924 kimanin mutum miliyan biyu daga cikinsu suka baro Gabashin Turai, gudun talauci da kisan gilla a daular Rasha, suka sauka a Amurka. Da yawa sun zauna a New York, wasu suka wuce Shikago. Da suka ɗan samu abin hannu suka so su ma su sha iska a lokacin zafi, sai suka tarar ƙofofi a rufe. Tun a 1877 wani otal a Saratoga Springs ya hana attajirin banki Joseph Seligman ɗaki saboda Bayahude ne, kuma shekaru da dama bayan haka wuraren shaƙatawa masu yawa ba sa karɓar su. To, sai suka gina nasu. Mutanen New York suka hau tsaunukan Catskill. Mutanen Shikago kuwa suka tsallaka tafki a jirgin ruwa zuwa South Haven, wani gari mai gonakin 'ya'yan itace a gaɓar gabas. Wasu iyalan Yahudawa da suka fara noma a wurin suka riƙa saukar da baƙi a ɗakunansu, sannu a hankali gona ta zama masauki, masauki ya zama otal, har suka kai gommai. Na iyalin Fidelman yana cikin waɗanda suka fi suna.

A irin waɗannan masaukai abinci shi ne rabin hutu, kuma abincin yana da doka. Shari'ar Yahudu ta halatta kifin da yake da ƙege da kamɓori kaɗai. Ta kuma hana haɗa nama da nono a ci ɗaya, har kwanukansu rabawa ake yi. Amma kifi ba ya cikin lissafin nama, don haka ana iya cinsa da cuku, da man shanu, da kirim. Ga ranar Asabar, wadda take kamawa tun faɗuwar ranar Juma'a, ba a hura wuta, ba a girki, sai abin da aka tanada. Ga kuma wasu kwanaki tara na farkon watan Ab, da suke faɗowa a Yuli ko Agusta, tsakiyar lokacin hutu, waɗanda masu riƙo da addini suke ƙaurace wa nama don juyayin rushewar Haikalin Ƙudus. Duk wanda ya haɗa waɗannan sharuɗɗa zai ga abin da uwar gida take nema: kifi mai kamɓori, dafaffe tun jiya, wanda ake ci da sanyi, mai tafiya da cuku da burodi. Ga shi kuwa ana bandarsa a bakin ruwa kusa da ƙofarta. Har ma da shaidarsa yake zuwa, domin ana bandarsa ne da fatarsa, mai saye yana ganin kamɓorin da idonsa.

Bahaushe ba baƙon banda ba ne. Wanda ya san kasuwar kifi ta Baga ya san yadda ake gasa tarwaɗar Tafkin Chadi har ta bushe ƙayau ta yi baƙi, a cika kwalaye a yi kudu da ita, ta daɗe ba ta lalace ba, sai an zo miya a jiƙa ta. Wannan bandar tafiya ce da ajiya. Ta farin kifi kuwa bandar ci ce nan take: ana so wuta ta dafa shi, hayaƙi ya ratsa shi, amma ya fito da danshinsa, a ci shi haka nan ba miya. Ita tarwaɗar tamu, da yake ba ta da kamɓori, ba ta hawa teburin Bayahude mai kiyaye doka ko kusa.

Aikin yana farawa ne tun a ruwa. Kifin da ya kwana a maƙale cikin ragar da ke shaƙe wuya yakan mutu kafin a ɗago shi, jikinsa ya yi laushi, ya yi tabo. Wanda aka kama da ragar tarko, wadda take kora kifi cikin wani babban keji a ƙasan ruwa, da ransa ake fito da shi, a jefa shi cikin ƙanƙara nan take. Mai banda na ƙwarai yana duba ido ya ga ko garau yake, ya danna tsoka ya ga ko za ta dawo. Hayaƙi ba ya gyara ruɓaɓɓen kifi, ɓoye shi kawai yake yi na ɗan lokaci, kuma mutanen da suka girma a bakin ruwa ba a ruɗinsu da wannan. Sai a farke ciki, a fitar da kayan ciki, a kankare wani layin baƙin jini da ke kwance a jikin ƙashin baya. In aka bar shi, ɗaci zai bi naman. Manyan kifaye a yanka su gunduwa-gunduwa, matsakaita a bar su sukutum.

Daga nan sai ruwan gishiri, kuma a nan ake fara rabuwa tsakanin gwani da ɗan koyo. Gishiri, ruwa mai sanyi, sau da yawa da ɗan jan sukari, shi ke nan. Babu wani ɓoyayyen haɗi da ya wuce wannan, ko da yake kowane gida yana riƙe da ma'auninsa kamar gadon uba. A da, mutane sukan jefa ɗanyen ƙwai cikin ruwan, in ya taso sama to gishiri ya ji. Yanzu akwai ma'aunin gilashi da ake tsomawa. Amma ma'auni ƙarfin ruwan kawai yake faɗa, ba ya faɗin tsawon lokacin da wannan kifin na yau yake buƙata. Kifi mai kitse yana jinkirin shan gishiri, ramamme yana sha da sauri. Mai kauri dabam, siriri dabam. Wanda fata ta rufe shi ko'ina dabam, gunduwa mai buɗaɗɗen nama dabam. Na farkon bazara ba ɗaya yake da na kaka ba. Saboda haka sai an ware su kashi-kashi kafin a tsoma, kowane kashi da lokacinsa, yawanci a kwana a ɗakin sanyi. In gishiri ya yi kaɗan kifin ya zama lami, kuma ya zama haɗari. In ya yi yawa, naman ya ɗaure, baki ya ji gishiri kafin ya ji kifi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma wannan idon shekaru ne suke yin sa.

Abin da gishirin yake yi a ciki ya fi ƙarfin ɗanɗano. Yana janyo ruwa daga tsoka, yana rage wa ƙwayoyin cuta wurin zama, yana kuma narkar da wani ɓangare na sinadarin naman ya fito da shi saman jiki. Wannan na ƙarshen shi ne ya kawo mu matakin da na fi ƙauna a sana'ar duka, wanda kuma mai gaggawa ya fi tsallakewa. Bayan an ɗauraye kifin, ba wuta ake kai shi ba. Rataye shi ake yi, ko a jera a kan raga, a bar iska ta bi ta kansa. Ana jira ne har saman jikinsa ya daina jiƙa ya koma wani ɗan danƙo mai sheƙi, wanda in ka taɓa da yatsa zai ɗan kama ka amma ba zai bar maka ruwa ba. A kan wannan siririn danƙo hayaƙi yake zama. Kifin da aka shigar da shi a jiƙe, hayaƙin yakan narke cikin ruwan ya gangara, ya bar zane-zanen toka da ɗanɗano mai tsami-tsami. Wanda aka bari ya sha iska yadda ya kamata, shi ne yake fitowa da launin zinariya shimfiɗe daidai daga kai har wutsiya.

To, iskar bakin tafki ba ta da alƙawari. Yau busasshiya ce daga arewa, aikin ya kammala da wuri. Gobe hazo ya sauko, danshi ya cika gari, kifi ya ƙi bushewa. Lokacin zafi, lokacin da masu saye suka fi yawa suka fi matsawa, shi ne kuma lokacin da iska ta fi danshi. Mai banda yakan fito ya dubi sama, ya ji iska a fatarsa, ya san yau sai ya ƙara jira ko ya kunna fanka, ko da layi ya fara taruwa a ƙofa. Wannan tsayuwar, ta ƙin sakin kifin da bai kai ba alhali kuɗi na miƙo hannu, ita ce ta sa nake ganin girman mutanen nan.

Itace ma zaɓa ake yi. A Mishigan mapul ne sarki, wannan itacen da ake tatsar zumar sukari daga jikinsa, domin hayaƙinsa mai sauƙi ne, ba ya danne kifi mai laushin ɗanɗano. Wasu suna sa itacen tuffa ko na ceri, tun da gonakinsu sun cika yankin. Abin da ba a kusantarwa shi ne itace mai ƙaro irin na fayin, ko da yake yana da yawa a dajin, saboda ƙaron yana ba da baƙin hayaƙi mai ɗaci. Cikin hayaƙin itace mai kyau akwai sinadarai ɗaruruwa: wasu su ke ba da ƙamshi, wasu su haɗu da naman su ba da launi, wasu su hana kitse saurin yin ɗoyi. Amma sai wutar tana ci daidai suke fitowa. Hayaƙi mai kauri fari tas alamar wuta ce da ta shaƙe, shi kuwa siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi shi ake nema.

Ɗakin bandar kansa ba wani abin kallo ba ne. Na gargajiya ɗan ɗaki ne na bulo ko ƙarfe, wuta a ƙasa, sanduna a sama, ƙofa da 'yar taga. Da ƙofar nan da tagar ake tuƙa aikin duka. Da farko wuta kaɗan, ƙofa a buɗe, don sauran danshi ya fita kuma fata ta yi ƙarfin da za ta riƙe nauyin kifin. Sai a ƙara itace a hankali, zafi ya hau mataki-mataki har naman ya dahu. Sannan a lulluɓe garwashin da garin katako, a rufe ƙofa, hayaƙi ya yi aikin launi. Wanda ya ɗaga wuta da wuri zai ga sakamakon da idonsa: wani farin abu kamar gudajin nono ya tsattsafo daga naman, ciki ya tsage, wuya ya saki, kifi ya sulluɓe daga ƙugiya ya faɗa cikin toka. Kuma babu ɗakin da zafinsa yake ɗaya a ko'ina. Akwai kusurwar da take ƙuna, akwai wadda take sanyi, akwai yadda yake yi in iska ta juyo daga yamma. Mai ɗakin ya san su duka, yana sauya wa sanduna wuri, na baya su dawo gaba, na sama su sauko. In ka kai shi ɗakin wani sai ya sake koyo.

Wannan ita ce banda mai zafi. Akwai kuma mai sanyi, wadda ba a barin zafi ya haura kimanin digiri 30, kifin ya sha hayaƙi bai dahu ba. Da ita ake yin jan salmon ɗin nan da ake yankawa siriri kamar takarda a shagunan Yahudawan New York, irin su Russ & Daughters wanda Joel Russ ya buɗe a 1914. Farin kifi dai mai zafi ake yi masa, kuma dokar yau ta ce sai tsakiyar namansa ya kai digiri 63 ya tsaya a nan rabin awa.

Dokar nan da rayuka aka saye ta, ba don ƙawa aka rubuta ba. A 1963 wasu ƙananan kifayen tafki da aka banda, aka rufe su cikin leda marar iska, aka yi doguwar tafiya da su zuwa jihohin kudu ba isasshen sanyi, suka kashe mutane da gubar da ake kira botulizim. Ƙwayar da ke haifar da ita tana zaune cikin lakar ƙasan tafkunan, tana bunƙasa inda babu iska, tana jure sanyin da sauran ƙwayoyi ba sa jurewa, kuma ba ta sa kifi wari balle a gane. Kasuwar bandar yankin ta durƙushe a lokacin, gidaje da yawa suka rufe. Waɗanda suka tsira suka koyi auna gishirin da ya shiga cikin naman, da soka ma'aunin zafi cikin mafi kaurin kifi, da rubuta komai a littafi. Ban ga wannan a matsayin raguwar fasaha ba. Gwanin yau yana riƙe da ma'auni a hannu ɗaya, yana taɓa kifi da ɗaya hannun, kuma ya san abin da kowannensu yake iya faɗa masa. Bayan an sauke ma da saura: sai kifin ya huce sarai a iska kafin a naɗe shi, in ba haka ba zufa ta taru a takarda ta ɓata fatar da aka sha wahala a kanta.

Daga nan aiki ya koma hannun mai gida. A ɗaga fatar daga baya kamar ana buɗe littafi, a zare ƙegen sama da ƙananan ƙayoyinsa, a ɗauke naman gefe guda da cokali, a kama ƙashin baya daga wutsiya a ɗaga shi gaba ɗaya. Sauran siraran ƙayoyi da yatsa ake neman su, ba da ido ba. Mutanen Mishigan sukan marmasa naman su kwaɓa da cuku mai laushi su ci da biskit mai gishiri. Yahudawa sukan haɗa shi da mayonis da albasa da seleri da ɗan lemun tsami, su shafa a kan begel, wannan burodin mai rami a tsakiya da ake tafasawa kafin a gasa. Uwar gida mai son burgewa takan mayar da haɗin cikin fatar zinariyar, da kai da wutsiya, ta ajiye a faranti kamar ba a taɓa shi ba. Haka ake ganinsa ranar kaciyar jariri, da buɗa-bakin azumin Yom Kippur, da gidan makoki, da safiyar Lahadi. A masaukan bakin tafki kuwa yakan zo tare da miyar jan gwoza mai sanyi da aka ɗiga wa kirim mai tsami, da dafaffen dankali, da kokwamba.

Kifin nan ya shiga wani girkin Yahudawa ma da ya fi banda tsufa a wurinsu, wato gefilte. A Turai da kifin kaf da na faik ake yinsa: a niƙa naman da albasa da ƙwai da garin burodi marar yisti, a da a mayar cikin fata, daga baya aka koma dunƙulawa, a dafa cikin romon kai da ƙashi, a ci da sanyi tare da wata saiwa mai yajin da ke hawa hanci. Hikimarsa biyu ce. Kifi ɗaya ya ishi gida guda, kuma an cire ƙaya tun ranar Juma'a, domin tsince ƙaya daga nama yana cikin ayyukan da ake gujewa ranar Asabar. Mutanen Folan da sukari suke yin nasu, na Lituweniya da barkono, kuma jikokinsu har yau ba su daina wannan gardama ba. A Amurka farin kifi ya shiga haɗin ya ƙara masa taushi, har ya zama da yawa ba sa yi sai da shi. An ga haka a 2014, shekarar da ƙanƙara ta rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na tafkunan ta kuma ƙi narkewa da wuri: jirage suka kasa fita, Idin Ƙetarewa na Yahudawa ya matso, masu sayar da kifi a birane suka rasa abin ba abokan cinikinsu.

A tsallaken yamma, a yankin Door na jihar Wiskonsin, zuriyar mutanen Sikandinebiya suna da nasu salon. A ɗora babbar tukunya a fili, dankali da albasa da gunduwar farin kifi da gishiri mai yawa, in ya dahu a watsa kananzir a wutar, harshenta ya tashi sama, ruwan ya yi ambaliya ya kwashe man kifin da ya taru a sama. A ci da narkakken man shanu, a bi da fankasun ceri irin nasu. Abin kallo ne, 'yan yawon buɗe ido suna tafi. Amma wannan wasan minti ɗaya ne, ita kuwa banda aikin kwana biyu ce da ba mai tafa wa.

Yawancin masaukan South Haven sun rufe tun da ƙofofin da aka rufe wa Yahudawa suka buɗe, jirgin sama ya yi araha, na'urar sanyaya ɗaki ta shiga gidaje. Abin da ya fi damuna shi ne kifin kansa. Tafkunan sun sha baƙin halittu. Wani mai kama da maciji mai tsotsar jinin kifi ya shigo ta mashigin Welland ya yi ɓarna a shekarun 1940 da 1950, har Amurka da Kanada suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1955 suka shawo kansa. Sai kuma wasu ƙananan ƙumbuna da suka zo cikin ruwan jiragen Turai, aka fara ganinsu a 1988. Yanzu sun shimfiɗe ƙasan Tafkin Mishigan da Huron, suna tace ruwan suna cinye ƙananan halittun da 'ya'yan farin kifi suke buɗe baki da su. Masu hutu suna yaba yadda ruwan ya yi garau har ana hango ƙasa, masunta kuwa sun san wannan garau ɗin yunwa ce. Tsofaffin kifaye na nan, matasa ba sa tasowa, kamu yana raguwa shekara bayan shekara. Wasu ƙananan kifayen tafki masu maiƙo da Yahudawan Shikago suke so a banda sun yi wuyar samu tun tuni.

Tafkin Superior, da yake ruwansa bai karɓi ƙumbunan sosai ba, shi da tafkunan Kanada su ke cike giɓin yanzu. Gidajen banda da yawa sun ƙara da kifin tirawut na tafki, da salmon ɗin da aka fara zubawa a Tafkin Mishigan a 1966, kuma kowannensu yana da kaurinsa da kitsensa, sai an sake lissafin gishiri da wuta daga farko. Kabilun Odawa da Ojibwe kuwa, tare da masana, sun fara dasa ƙwan farin kifi a wasu koguna da ya daina shiga tun zamanin da sarar katako da madatsun ruwa suka lalata su, da fatan 'ya'yan za su sami abinci a can kafin su gangara tafki. Farin kifi yana ɗaukar shekaru kafin ya isa haihuwa, don haka sai an jira waɗanda aka dasa sun girma kafin a ga ko za su komo kogin.